Wai sai mutum ya tsarkaka kafin ya ba da gaskiya?

'Yan'uwa barkanmu da Lahadi. Akwai wata koyarwa da take yawo a wasu majami'unmu daga nan Garwa har Marwa, ni kam ban yarda da ita ba ko kaɗan, wai sai mutum ya gyara halinsa, ya bar bil-bil, giyar gargajiyar nan, ya bar neman mata, ya ƙone layunsa, sannan a ce ya isa ya karɓi Yesu. Haba! In har zai iya duk wannan da ƙarfin kansa, to me ya kai Almasihu kan gicciye?

Bangaskiya ce gaba, tsarkakewa tana biye. Ku buɗe Afisawa 2, aya 8 da 9 sun ce ceto ta alheri ne ta wurin bangaskiya ba ta ayyuka ba, sai a aya 10 aka zo kan kyawawan ayyuka. Zakka mai karɓar haraji ma ai sai da Yesu ya sauka a gidansa, mutanen Yariko na ta gunaguni, sannan ya miƙe ya ce rabin dukiyarsa ta matalauta ce, wanda ya cuta kuma zai biya shi ninki 4.

Amma wanda ya fi ɗaure min kai shi ne Korantiyawa. Bulus ya buɗe wasiƙarsa ta fari yana kiransu tsarkaka, alhali mutanen nan suna maka juna a kotu, sun rabu gida-gida, wannan na Bulus wancan na Afolos, kai har a jibin Ubangiji wani yana buguwa wani na zaune da yunwa, duba sura 11. Da a cocinmu ne da tuni dattawa sun sa su a bencin horo gaba ɗaya. Bulus ya yi musu faɗa sosai, amma faɗan da ake yi wa ɗan gida ne.

Na san za a jefo min 2 Tasalonikawa 2:13 inda aka ambaci tsarkakewar Ruhu kafin gaskatawa. Na yarda, Ruhu Mai Tsarki ne yake fara taɓa zuciya tun mutum bai san abin da ake ciki ba, sai dai wannan aikin Allah ne, ba sharaɗin da katekis zai gindaya wa mutum a bakin ƙofa ba.

Gardamar nan ba yau ta fara ba fa. Tun rikicin Martin Luther da cocin Katolika na 1517 ake ta, majalisar Katolika ta Trent a 1547 ta ce baratarwa, wato Allah ya karɓi mai zunubi a matsayin mai adalci, ta haɗa da sabunta mutum daga ciki, amma ko su ba su ce ayyukan da ka yi kafin nan ne suke saya maka ita ba. A 1999 Lutheran, mabiyan Luther, da Katolika suka sa hannu kan matsaya ɗaya game da baratarwa a Augsburg ta Jamus.

Kada kuma wani ya ɗauki wannan ya koma kabare, gidan giya, ya ce ai na ba da gaskiya shikenan, Yakubu a wasiƙarsa ya riga ya ce bangaskiya marar aiki matacciya ce. Wadda nake tausayi ita ce mamar da da kuɗin bil-bil take biyan makarantar yaranta, tana so ta zo sujada, an ce sai ta fasa tukwanenta tukuna, kuma ba wanda ya tambaye ta me yaran za su ci gobe. Baba fasto, dattawa, ku bar ta ta shigo ta ji Bishara mana.