Me suka shaƙa?

To, an gama bincike kan nas huɗu mata da suka zube a bakin aiki a asibiti cikin dare. Ba a ɗebi jinin kowa ba, ba a buɗe sito ba, amma kafin azahar sakamako ya fito. 'Yan jinya da masu gadi sun ce aljanu ne, ai dama ɗakin yana kusa da tsamiya. Manya masu ofis kuma sun ce tsoro ne irin na mata, ɗaya ta faɗi sauran suka bi ta. Madalla. Allah Ya ƙara basira.

Kun dai ga bidiyon abin da ya faru, ba sai na maimaita ba. Abin da ba ku sani ba shi ne ɗaya daga cikin nas huɗun nan ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekararta tara tana wannan aiki. Yarinyar da ke wanke raunin waɗanda aka kwaso daga haɗarin mota, ta fito ta wanke hannu ta ci tuwonta, ita ce wai tsoro ya kayar. Na same ta da asuba idonta na zubar da ruwa, miyau ya cika mata baki, ta jiƙe sharkaf da gumi a cikin wannan sanyin. Ta ce, "Yaya, ƙirjina kamar an ɗora mini dutse." Na je wurin babban da ke kula da sashen na ce, ranka ya daɗe, me suka shaƙa? Ya dube ni kamar na roƙe shi bashi.

Tambayar ke nan, kuma ba zan bar ta ba. Me suka shaƙa?

A daren an kawo wani matashi da ya sha fiya-fiya, rigarsa jiƙe da ita, yana ta amai. Tagogi a rufe saboda hunturu. Su huɗun nan su suka tsaya a kansa fiye da awa guda, babu takunkumi, safar hannu ma sai da aka aika ɗan'uwansa ya sayo. Fiya-fiya da Sniper gidansu ɗaya, sinadarin diklobos ne, yana shiga ta numfashi, yana ratsa fata. Alamominsa kuwa ɗalibin jinya ɗan aji biyu ya haddace su: miyau, hawaye, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura. Ba rantsuwa na yi cewa shi ne ba, cewa na yi a duba. Haska ido da tocilan nawa ne kuɗinsa?

In ma ba shi ba ne, asibiti ai gidan sinadarai ne. Janareta yana bayan taga yana ta tuƙa, iskar da ke kisa a cikin hayaƙinsa kuma ba ta da wari, ba ta da launi, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kamawa sau ɗari biyu da wani abu. Ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa don auna oksijin zai nuna komai lafiya lau alhali guba na cikin jini. Mai wanke banɗaki ta haɗa Hypo da Harpic don wuri ya yi fes, ba wanda ya taɓa gaya mata haɗin nan iskar kulorin yake tayarwa. Ga fomalin, sinadarin hana ruɓewa, a ɗakin gwaji da ɗakin ajiye gawa. Ga masu feshi da ake ba kwangila su zo su bulbula magani, washegari a mayar da marasa lafiya kan gadajensu. Duk wannan yana gabanmu, amma tsamiya muka kama. An bar jaki ana dukan taiki.

Na san masu jira su ce na ƙaryata aljanu. Malam, ajiye wayarka ka sha ruwa. Akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu, wa ya isa ya musa? A yi ruƙiyya, ni ma na tofa mata abin da na iya. Sai dai wanda ya zo yana tambaya ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, cewa aka yi ya ɗaure shi tukuna. Buɗe taga ɗaure raƙumi ne. Tuɓe wa mai shan guba rigarsa a ƙulle ta a leda, a wanke masa jiki da ruwa da sabulu kafin a shige da shi cikin mutane, shi ma ɗaure raƙumi ne.

Masu boko kuma za su ce ai firgicin taro abu ne da ilimi ya tabbatar. Na ji. Amma shi ake faɗa a ƙarshe, bayan an duba komai an rasa. Ku kun fara da shi ne don shi kaɗai ne ba ya cin ko kwabo, ba ya kuma ɗora wa kowa laifi sai wadda ta faɗi.

Wannan rainin ba a nan aka fara shi ba. Ranar 19 ga Fabrairu 1994 aka kai wata mata 'yar shekara 31 mai ciwon daji ɗakin gaggawa a garin Ribasaid na jihar Kalifoniya a Amurka. Nas ta ɗebi jininta, aka ji wani wari na tashi daga sirinjin, sai ma'aikata suka fara zubewa. Cikin 37 da ke wurin, 23 suka ji a jikinsu, aka kwantar da biyar, wata likita ta yi mako biyu a ɗakin kulawa ta musamman, daga baya ƙashin gwiwoyinta ya lalace. Hukumar lafiya ta jihar ta ce firgici ne, ai yawancinsu mata ne. Kun ji waƙar? Sai da masana na ɗakin binciken Libamo suka sake bin jinin, suka kawo bayanin cewa wani man shafawa na rage zogi, DMSO, shi ne mai yiwuwa ya rikiɗe a jikinta ya zama guba bayan an sa mata oksijin. Har yau ana gardama a kan bayanin nasu. To amma su gardama suke yi a kan abin da aka auna. Mu a kan me za mu yi tamu, tunda an goge ɗakin, an kwashe rigar yaron an watsar?

A Tokiyo ma, da aka saki iskar sarin a jirgin ƙasa a Maris 1995, ma'aikatan asibitin da suka karɓi mutanen su ma sun kamu, daga abin da ke tashi a tufafin marasa lafiyar. Sarin kuwa dangin fiya-fiya ne, babban wa ne kawai. Mu dawo gida: a Zamfara a 2010 yara suna ta suma suna mutuwa, ana ta ɗura musu maganin zazzaɓin cizon sauro, sai da aka gwada jininsu aka ga gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Yara sama da 400 suka tafi.

Abin da ya fi ci mini rai, ƙanwar tawa ta fara yarda. Jiya take ce mini, "Yaya, ko dai ni ce na cika raki?" Wallahi sai da na fita waje. An sa mace ta shaƙi abin da ba ta sani ba a bakin aikinta, sannan an sa ta jin kunyar faɗuwarta. Gobe tana da aikin dare, a ɗakin nan dai, tagar nan dai.

Kada wanda ya ce mini babu kayan aiki. Irin wannan guba ba ta jiran kwamiti, ta janareta cikin 'yan awanni take barin jini. Jinin da ba a ɗiba a daren ba ya wuce ke nan. Littafin da za a rubuta wa aka kawo, me aka fesa, yaushe aka tada janareta, ba daga Ingila ake odarsa ba.

A 2019 NAFDAC ta hana sayar da Sniper na gona a shaguna da kasuwanni, amma ku leƙa teburin mai kayan koli na unguwarku. Shi ake yayyafawa a ɗaki saboda sauro, shi wasu ke zubawa a buhun wake. A nan Gombe a 2008 ɗalibai mata sama da 100 suka kwana a asibiti bayan sun ci wake mai maganin ƙwari, mun manta. Kakarmu da toka da busasshen barkono take ajiye nata, ya shekara ba ƙwaro ko ɗaya. Yanzu ga buhun nan mai leda biyu a ciki da ba ya buƙatar magani, a ɗaure shi tam kawai.