Star Wars a hannun Disney: sharar gida ba laifi ba ce, alkawarin da aka saɓa ne matsalar

A 1999 Chewbacca, dogon halittan nan mai gashi, abokin tauraro Han Solo a finafinan yaƙin sararin samaniya na Star Wars, ya mutu. Cikin wani littafi mai suna Vector Prime, wanda R.A. Salvatore ya rubuta, wata ya rikito kan wata duniya da ake kira Sernpidal ya danne shi, bayan ya jefa ɗan Han Solo cikin jirgi ya tsira. Masu bin littattafan Star Wars sun yi makokinsa, sun yi ta zagin marubucin, daga baya suka haƙura. Shekara 16 bayan haka, a Disamban 2015, ga Chewbacca ya shigo majigi a fim ɗin The Force Awakens garas da shi, ko ƙwarzane babu. Ba tayar da shi aka yi ba. Cewa kawai aka yi waccan mutuwar ba ta taɓa faruwa ba.

Wanda ya yanke wannan hukunci shi ne sabon mai gida. A ƙarshen Oktoban 2012 George Lucas, wanda ya ƙirƙiri Star Wars, ya sayar wa Disney kamfaninsa na Lucasfilm a kan kuɗi sama da dala biliyan 4. Ranar 25 ga Afrilun 2014 kamfanin ya fitar da sanarwa cewa daga yau abin da ke cikin "kanon", wato labarin da kamfani ya sa wa hannu ya ce shi ne ya faru, finafinan Lucas shida ne da shirin zane na The Clone Wars. Sauran tulin littattafai da mujallun zane da wasannin kwamfuta na fiye da shekara 30 aka tattara su gefe, aka manna musu tambarin Legends, ma'ana almara. Ran masoya ya ɓaci ƙwarai, har wasu suka yi karo-karo a 2016 suka kafa allon talla a San Francisco suna roƙon a ci gaba da tsohon labarin.

Ni dai a wannan gaɓar ina bayan Disney, kuma ba na jin kunyar faɗa. Ka ɗauka kai aka ba aikin fim ɗin da zai ɗora daga inda Return of the Jedi na 1983 ya tsaya, shekara 30 a gaba. Idan ka ce za ka mutunta littattafan, sai ka fara yi wa mai kallo bayanin cewa Luke, jarumin finafinan farko, ya auri wata mai suna Mara Jade, ta haifa masa ɗa, ta kuma mutu. Han Solo da Leia, 'yar'uwar Luke, sun haifi 'ya'ya uku, ɗaya ya rasu a yaƙi, ɗaya ya koma mugu har tagwaiyarsa ta kashe shi. An kuma yi wani gagarumin yaƙi da wasu baƙin halittu wanda ya ci littattafai 19. Mutumin da ya sayi tikiti domin ya huta awa biyu ba zai ɗauki wannan kaya ba. Sannan ba ƙona littattafan aka yi ba. Ana ci gaba da buga su, da ɗan zanen ruwan zinare a saman bango mai nuna matsayinsu. Wanda ya saya ya san abin da ya saya.

Masu kukan cewa Disney ta rushe wani tsattsarkan gini suna mantawa da yadda ginin yake. Tun zamanin Lucas labarin hawa-hawa ne. Akwai wani ma'aikacin Lucasfilm, Leland Chee, wanda tun 2000 yake riƙe da rumbun bayanai da suke kira Holocron, inda kowane abu ke da harafinsa: G na abin da ya fito daga George kansa, T na talabijin, C na yawancin littattafai, har zuwa N na abin da ba a lissafa shi. Na sama kullum yana iya take na ƙasa. Lucas bai ɓoye ba cewa littattafan wata duniya ce daban da tasa, kuma in ya tashi yin fim ba ya tsayawa neman izininsu. Kai, nasa finafinan ma bai bari ba: a 1997 ya koma fim ɗin farko na 1977 ya gyara wurin da Han Solo ya harbe wani mai farautarsa, Greedo, ya sa Greedo ne ya fara harbi, rigimar da har yau ba ta mutu ba.

Inda Disney ta ɗauko wa kanta dala ba gammo shi ne rabi na biyu na sanarwar 2014. Ta ce an daina hawa-hawa. Daga yanzu fim da littafi da mujallar zane da wasa duk labari ɗaya ne, darajarsu ɗaya, kuma akwai wani kwamiti, Lucasfilm Story Group, da zai tsare wannan. Magana ce mai daɗin ji, kuma magana ce ta kasuwa. Littafin da aka ce maka abin da ke cikinsa "ya faru" ya fi saurin shiga hannu a kan wanda aka ce ƙila gobe a soke shi. Wannan tabbacin yana cikin kuɗin da mai saye ya biya.

To ga yadda aka riƙe alkawarin. A 2015 kamfanin Marvel ya buga mujallar zane kan wani mayaƙin Jedi mai suna Kanan, inda aka nuna dalla-dalla yadda ya tsere yana yaro ranar da sojoji suka juya wa mayaƙan Jedi baya suka kashe malamarsa. A 2021 shirin The Bad Batch ya buɗe da wannan ranar, a wannan duniyar, da wannan yaron, amma ya sauya yadda abin ya gudana domin ya cusa nasa taurarin a wurin. Littafin 2016 kan jaruma Ahsoka ma haka ta same shi, wani gajeren shirin zane na 2022 ya sake ba da labarin ta wata fuska. Ba wanda ya fito ya ce an soke na farkon. Ashe hawa-hawan yana nan, harufan kawai aka goge: abin da ya fito a allo yana take abin da ke kan takarda, kamar jiya.

Da a kan mujallu abin ya tsaya, da sai a ce ƙaramin ciwo ne. Amma manyan finafinai uku na Disney, na 2015 da 2017 da 2019, waɗanda dominsu aka share filin, su ma ba su jitu da juna ba. Darakta J.J. Abrams ya bar tambaya a 2015 kan ko su wane ne iyayen Rey, jarumar sababbin finafinan. Daraktan fim na biyu, Rian Johnson, ya amsa a 2017 cewa ba kowan kowa ba ne. A 2019 Abrams ya dawo, bayan an raba gari da Colin Trevorrow da aka fara ba aikin, ya ce jikar Palpatine ce, mugun sarkin finafinan farko. Shi kuma Palpatine, da kowa ya ga an wurga shi rami a 1983, sai ga shi da rai ba tare da wani gamsasshen bayani ba. Jawabin da fim ɗin ya ce Palpatine ya aika wa duniya, ba a cikin fim aka ji shi ba, a wasan kwamfuta na Fortnite aka sake shi. Sai da littafin fim ɗin ya fito a 2020 aka fayyace cewa jikin kwafi ne yake ciki. Abin dariyar, wannan dabarar ta dawo da sarkin a jikin kwafi tana cikin Dark Empire na 1991, ɗaya daga cikin kayan da aka ce almara ne.

Wannan ya nuna iyakar ƙarfin kwamitin. Zai iya gaya wa marubuci launin takobin wane ko shekarar da aka yi yaƙin kaza. Ba zai iya taka wa daraktan da aka damƙa wa fim na ɗaruruwan miliyoyin daloli burki ba. An sa mai gadi a ƙofar baya, an bar ta gaba a buɗe.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne, labari ai labari ne. Ina jin su. Mu da muka tashi da tatsuniya mun san Gizo yana iya mutuwa a bakin wannan kaka daren yau, gobe ya tashi a bakin waccan, ba mai neman ba'asi. Sai dai Gizo ba shi da mai shi, kuma ba wanda ya taɓa karɓar kuɗinka bisa sharaɗin cewa tasa ce sahihiya. Da zarar kamfani ya mallaki labari, ya hana kowa taɓa shi sai da lasisi, ya kuma sayar da hatimin inganci, to ya ɗauki nauyin da mai tatsuniya bai ɗauka ba.

Kuma sabon mai gida ba kadara kaɗai yake gada ba, har da bashi. A 2020 Alan Dean Foster, wanda ya rubuta littafin fim ɗin farko da kuma Splinter of the Mind's Eye na 1978, ya fito fili tare da ƙungiyar marubutan almarar kimiyya ta Amurka yana cewa an daina biyansa kasonsa na cinikin littattafan bayan sayen kamfanin, alhali ana ci gaba da sayar da su. Sai a 2021 aka sasanta. Ga littafi an ce ba ya cikin labari, amma kuɗinsa yana cikin asusu.

Inda suka yi daidai ma a faɗa. Thrawn, hafsan nan mai shuɗiyar fata da Timothy Zahn ya ƙirƙira a 1991, an dawo da shi cikin shirin Rebels a 2016, aka kuma kira Zahn ɗin da kansa ya rubuta masa sabon littafi a 2017. Haka ake ɗiba daga tsohon rumbu: ka ɗauki mai kyau, ka ambaci mai shi, ka biya shi.

Ban ce a ɗaure hannun masu fim da igiyar kowace mujalla ba. A 2025 kashi na biyu na shirin Andor ya nuna yadda tauraronsa Cassian ya haɗu da mutum-mutumin nan K-2SO, ya kuma yi watsi da wata mujallar zane ta 2017 da ta riga ta ba da labarin haɗuwar ta wata hanya. Na Andor ya fi ta nesa ba kusa ba, kuma da an tilasta wa Tony Gilroy, wanda ya ƙirƙiri shirin, bin mujallar da an yi asara. Abin da nake nema ƙarami ne: Lucasfilm ta janye maganar 2014, ta faɗa a sarari cewa allo ne gaba, takarda na biye, kamar yadda harufan Leland Chee suke faɗa a da. In an take wani littafi, a sanar, a sauya masa tambari a bugu na gaba. Waccan mujallar ta 2017, wadda kowa ya ga an taka ta a gaban idonsa, har yanzu ba a manna mata Legends ba.