Tambayar da wata ɗaliba ta yi mini a kicin a Frankfurt

Shekara uku ke nan ina birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ina karatun digiri na uku a fannin haɗa magunguna, kuma a tsawon wannan lokaci babu farfesan da ya yi mini tambayar da ta hana ni barci kamar wadda wata ɗaliba ta yi mini a kicin ɗin gidan kwananmu. Wani dare ne a watan Nuwamba, lokacin da duhu ke rufe gari tun kafin ƙarfe biyar na yamma. Ina tsaye ina tuƙa tuwon semo, na jingina wayata da kwalbar mai, waƙar Narambaɗa na tashi a hankali. Mu takwas ne muke amfani da kicin ɗin, kowa da gurbinsa a cikin firji da sunansa manne a kai, ga jadawalin shara a bayan ƙofa wanda ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansa. Ta shigo da tukunyarta, ta ajiye ba tare da ta kunna wuta ba, ta tsaya tana saurare har waƙar ta ƙare. Sannan ta tambaye ni ko 'yan amshin nan dangin mawaƙin ne na jini, da wa ke ɗaukar nauyinsu, da kuma ko sarkin da ake yabo ne ke ba da izinin a yi wa abokan hamayyarsa zambo. Na ce mata waƙar gargajiya ce kawai, ta mutanen da. Cikin ladabi ta ce ta taɓa karanta maƙalar da wani masanin zamantakewar al'umma, M. G. Smith, ya buga a 1957 kan roƙo da matsayin maroƙa a ƙasar Hausa, shi ya sa take so ta ji daga bakin mai abu. Mai abu kuwa ya ci gaba da tuƙin tuwonsa.

Digiri na biyu take yi, kuma karatun nata ƙafa uku gare shi kamar murhu: falsafa, ilimin kiɗa, da ilimin zamantakewar al'umma. Tana bincike ne a kan yadda manhajoji irin su Spotify suke sauya kunnen mai saurare, har ya kai ga cewa na'ura ce ke zaɓar masa abin da zai so tun kafin ya so shi. Ita kanta tana kaɗa wata ƙatuwar goge ta Turawa wadda ake tokare ta a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi. Don in huce haushina sai na jefa mata tambayar da duk aka san mu da ita, wato wane aiki za ta samu da wannan karatu. Ko a jikinta. Ta ce mahaifinta, wanda direban jirgin ƙasa ne mai ritaya, shi ne yake fara karanta mata kowane babi idan ta gama.

Kwana biyu bayan haka ta kai ni harabar jami'ar da ke unguwar Westend, inda ake koyar da irin fannoninsu, domin mu 'yan kimiyya can Riedberg muke a arewacin gari. A tsakiyar wani fili akwai ɗaki na gilashi zalla, ba ƙofa ba taga, a cikinsa tebur da kujera da fitilar karatu, sai wata 'yar na'ura mai kaɗa hannu kamar agogo wadda makaɗan Turai ke daidaita saurin kiɗa da ita. An gina shi ne don tunawa da Theodor Adorno, ɗan garin, wanda aka haifa a 1903 ya rasu a 1969. Ya sami digirin digirgir a falsafa a 1924, shekara guda bayan haka ya tafi Vienna ya zauna gaban mawallafin kiɗa Alban Berg yana koyo, sannan ya zama jigo a cibiyar binciken zamantakewa da aka kafa a Frankfurt a 1923. Mulkin 'yan Nazi ya kore shi zuwa Ingila da Amurka, ya dawo a 1949. Na daɗe ina kallon wannan tebur, ɗalibai na wucewa a kan kekuna cikin sanyi, ina tunanin cewa gari guda ya ware wa mutum fili saboda ya yi tunani mai zurfi a kan kiɗa.

Ra'ayina shi ne Jamusawa sun fi mu gaskiya a wannan, kuma ba na faɗin haka cikin jin daɗi. Mu ne masu kiɗan da kowace sana'a ke da nata, kalangu na mahauta, garaya ta maharba, kakaki da tambari na sarauta, amma mun raba jin daɗin abin da girmama mai yin sa. A zuba wa makaɗi kuɗi a goshi ranar biki, washegari a ce ba a ba shi 'ya. Yaron da ya ce zai karanta falsafa sai a fara tsoron ya bar sallah, wanda ya ce kiɗa zai nazarta kuma a ce ya lalace. Ba ni da ilimin da zan shiga saɓanin malamai a kan hukuncin kiɗa, amma na san cewa Alfarabi, wanda ya rasu wajejen 950 kuma ake masa laƙabi da malami na biyu bayan Aristotle, ya rubuta babban littafi a kan kiɗa kamar yadda ya rubuta a kan tsarin gari nagari. Haɗa waɗannan fannoni uku ya girmi Jamusawa a cikin tarihin Musulmi.

Dole dai in yi wa gida adalci. Jami'o'in gwamnati a nan jihar ba sa karɓar kuɗin koyarwa, sai 'yan ɗaruruwan Yuro a kowane zango, waɗanda har tikitin bas da jirgi na ciki, saboda haka a gida uban da ya sayar da bijimi ya biya kuɗin makaranta yana da haƙƙin tambayar abin da ɗansa zai ci. Kuma ba a ce ba mu yi komai ba, tunda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, ga kuma malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da suka ƙarar da rayuwarsu a kan makaɗa da mawaƙa. Shi kansa Adornon ya raina kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, kuma ina kyautata zaton da ya ji kotso da bai gane komai a cikinsa ba. Na faɗa wa ɗalibar haka da ɗan zafi, ta ce ta yarda, har ma babi guda na kundinta a kan wannan kuskuren nasa ne. Wannan ya ƙara mini haushi, domin ko sukar gwarzonsu ma sun riga ni.

Akwai abin da ban faɗa mata ba a daren farko. Duk tambayoyinta uku akwai amsarsu a gidanmu, domin kakana makaɗin kalangu ne, ya yi shekaru yana kaɗa wa mahautan garinmu ranar kasuwa, kuma ƙannensa biyu ne suke yi masa amshi. Mahaifina ne ya ajiye sana'ar ya sa mu makarantar boko, ya kuma hore mu da cewa in an tambaye mu mu ce gidanmu 'yan kasuwa ne. Haka na faɗa tun daga firamare har jami'a, haka na faɗa a Frankfurt inda babu wanda zai hana ni aure saboda kalangu.

Ranar Lahadin da ta biyo na kira Gwaggo, wadda ita kaɗai ta rage a cikin 'ya'yan kakan nawa, na tambaye ta ina kalangun yake. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Kai kuma ɗan nan, me ya tuna maka da shi a ƙasar Turawa?" Ta ce yana nan rataye a ɗakin ajiya bayan buhunan gero, gara ta cinye fatar gefe guda, igiyoyin kuma duk sun bushe. Na roƙe ta ta sa yara su sauko da shi su ɗauko mini hoto, kuma in ta tuna wani kirari daga cikin waɗanda yake yi wa Sarkin Pawa ta faɗa mini in rubuta. Ta ce sai dai in bari sai yayyena sun fita.