Bakano da Bazazzagi a Gaban Tukunyar Jan Wake

Shirin nan da gwamnatin Najeriya ta kafa a 1987, mai tura malamai da ma'aikatan jinya ƙasashen Afirka da na Karebiyan su yi aikin shekara biyu, shi ya haɗa Bakano da Bazazzagi ɗaki ɗaya a Kingston, babban birnin Jamaika. Mai gidan hayarsu wata tsohuwa ce da suke kira Iya. Ta gaji da ganinsu kullum shayi da burodi, sai ta ce ran Asabar su same ta a kicin ta koya musu dafa jan wake irin na gida, wanda 'yan ƙasar ke kira stew peas.

Iya: Wa ya taɓa mini waken da na jiƙa tun daren jiya?

Bakano: Ni ne, Iya. Kofi biyu na ga kin zuba, da asuba na leƙa na tarar ya ninka. Na ce bari in auna in tabbatar. Wallahi da a Dawanau ake sayar da wake a haka, da tuni na gina bene.

Bazazzagi: Kin ji shi ko? Bakano ko ruwa ne sai ya auna miki a mudu ya karɓi kuɗi.

Iya: Zubar da ruwan jiƙon, ka ɗauraye waken, ka zuba sabon ruwa ya sha kansa sosai. Kai kuma daka mini tafarnuwa. Tsaya, mene ne wancan farin dutsen da kake ɓoyewa a hannu?

Bakano: Kanwa ce, Iya, 'yar asali, daga kasuwar Kurmi. Tun daga Kano na riƙo ta. Ƙwaya ɗaya zan jefa, kafin ki gama atishawa waken ya nuna.

Iya: A tukunyata? Tukunyar da kakata ta bar mini? Mayar da shi aljihu. Waken nan awa biyu yake so, kuma awa biyun za a ba shi.

Bakano: Awa biyu! Kuɗin gas fa?

Bazazzagi: Matsalarka rashin karatu. Kai ka ɗauka duk wake wake ne. Namu na gida, farin nan mai baƙin hanci, ɗan asalin Afirka ne. Wannan mai kama da ƙoda kuwa daga nahiyar Amurka ya fito, mutanen Meksiko da na tsaunukan Andes suka fara noma shi tun dubban shekaru. Ba iri ɗaya ba ne.

Bakano: To malamin jami'a, mun ji tarihi. Ni dai bari in rage wutar nan ya riƙa sulala a hankali.

Bazazzagi: Kar ka soma! Sakar mata makunnin! Ɗanyen jan wake akwai guba a cikinsa, kuma wuta mai sanyi ba ta kashe ta. Sai ya tafasa fafal-fafal aƙalla minti 10 tukuna a rage. Ƙwaya huɗu ko biyar da ba su dahu ba sun isa su sa mutum amai da gudawa kafin awa uku.

Bakano: Ƙarya kake, so kake gas ɗina ya ƙare.

Iya: Gaskiya ya faɗa. Kuma banɗaki ɗaya ne a gidan nan, ni zan fara shiga.

Bakano: A ƙara wuta.

Iya: Yauwa. Yanzu nama. Na aike ka kasuwar Koroneshan ka sayo mini kwakwa da lawashin albasa, me ka ƙunso a wannan ledar?

Bakano: Nan ne za ki san da Bakano kike zama. Na ji ana cewa abincin nan ba ya daɗi sai da wutsiya. Na zaga na zaga, wutsiyar sa tsada kamar zinariya. Can na hango wata mata da bokiti cike da wutsiyoyi ƙanana, jajaye, an jiƙa su a ruwan gishiri. Na taya, ta ƙi, na yi kamar zan tafi, ta kira ni. Har gyara ta yi mini.

Bazazzagi: Mu gani. Alhaji, wane irin sa ne wutsiyarsa ba ta wuce yatsa biyu ba?

Bakano: Maraƙi ne.

Bazazzagi: Maraƙi mai fata sumul ba gashi?

Bakano: An babbake.

Iya: Ɗana, wutsiyar alade ce. Da ita muke yi, kuma ka iya zaɓe, masu kyau ka samo.

Bakano: Inna lillahi! A'uzu billahi! Kawo buta, kawo sabulu, kawo ƙasa!

Bazazzagi: Wayyo cikina! Sarkin ciniki ya taya alade har da gyara! Wallahi sai labarin nan ya riga ka isa Ƙofar Mata.

Bakano: Iya, tunda ku kuna ci, ki ba ni kuɗina ki ɗauka.

Bazazzagi: Sayar da shi ma haramun ne.

Bakano: Wa ya ce sayarwa? Mayar da kuɗi ne.

Iya: Maƙwabciyata za ta yi murna da kyautar, zan ce mata daga Kano. Ku kwantar da hankalinku, na san ba ku ci. Ga naman sa nan daga wajen mahaucin da mutanen masallacinku ke saye, ni na cuɗe shi da gishiri da hannuna, jiya kuma na jiƙa shi gishirin ya fita. Zuba shi cikin waken su dahu tare. Kar wanda ya ƙara gishiri sai an ɗanɗana a ƙarshe.

Bazazzagi: A sa gishiri kuma a cire gishiri? Iya, ba a yi aikin baban giwa ba?

Iya: Ka ce kai mai karatu ne. Kakanninmu da aka kawo daga ƙasashenku suna noman rake, ka ɗauka tsire ake gasa musu? Nama da kifi masu gishiri ake shigo da su a ganga a jirgin ruwa, ɗan abin da aka yaga musu shi ke ba tukunya ɗanɗano. An gama bauta a nan a 1838, bakinmu dai bai rabu da ɗanɗanon ba. 'Yan Rasta ne suke dafa nasu ba nama, wasunsu ma ba gishiri.

Bakano: Ba nama? Allah ya yi wa mutanen nan albarka. Ina ake rajista?

Bazazzagi: Sai ka bar aski.

Bakano: An rage kuɗin wanzami ke nan.

Iya: Surutu ya isa. Fasa kwakwar nan, ka ɓamɓare, ka goga a magogi. Ka zuba ruwan ɗumi, ka murza da hannu, ka matse a rariya. Wannan farin ruwan shi ne ran girkin.

Bakano: Na matse. Bari in ƙara ruwa in sake.

Iya: Na biyu ba laifi.

Bakano: Na uku fa?

Iya: Na uku wanke hannu ne. Kai, danna ƙwaya ɗaya tsakanin yatsunka. Ta murƙushe? To juye madarar kwakwar. Kawo lawashi, bubbuga shi da bayan wuƙa ka jefa. Reshen tayim ɗanye, kar ka tsinke ganyen. Ga 'ya'yan fimanto, shida sun isa.

Bazazzagi: Ikon Allah. Ƙwaya ɗaya, amma ina jin kanumfari, ina jin kirfa, ina jin gyaɗar ƙamshi.

Bakano: Kaya uku a kuɗin ɗaya. Iya, buhunsa nawa?

Iya: Ga attarugu. Ku buɗe kunnenku. Ɗaya tal za a sa, ba yanka, ba daka, da hancinsa. A ɗora shi sama ya yi ta yawo, ƙamshinsa muke so. In an gama a tsame shi lafiya kamar yadda ya shiga. Wanda ya fasa shi, shi zai cinye tukunyar.

Bazazzagi: Attarugu ɗaya? Mu a Zariya wannan ko yaron goye ba zai ji ba.

Iya: Na dai faɗa. Kwaɓa fulawa da ruwa da ɗan gishiri, ya yi tauri. Gutsuri kaɗan, sa tsakanin tafin hannu, murza ya yi tsawo da tsini biyu, kar ya wuce ɗan yatsa. Saki a cikin romon. Minti 15 zuwa 20 sun dahu, su ne kuma za su ɗaure romon ya yi kauri.

Bakano: Ashe ɗanwake ne ya shiga boko ya rame.

Iya: Kai Malam, me ka murza haka? Wannan ai taɓarya ce. Raba shi huɗu. Ni zan duba shinkafa a waje. Ku juya a hankali daga ƙasa kar ya kama.

Bazazzagi: Ta fita? Ba ni muciya. Romon nan bai haɗu ba. Ka ga wake daban, ruwa daban, kowa na harkar gabansa. Sai an burge shi. Da ma akwai tsaki da ɗan yakuwa da rama…

Bakano: Na sani! Tun ɗazu nake jira. Bazazzagi ko a jirgin sama aka ba shi shinkafa sai ya nemi a dama masa ita ta zama pate. Ajiye muciyar nan.

Bazazzagi: Sau uku kawai zan tuƙa. Ɗaya. Biyu. Uk…

Bakano: Me ya yi fus?

Bazazzagi: Ban ji komai ba.

Bakano: Ina attarugun?

Bazazzagi: Ya nutse. Hutawa yake a ƙasa.

Bakano: To waɗannan fararen 'ya'yan da ke yawo a sama, na wane ne?

Bazazzagi: Riɗi ne.

Iya: Na dawo. Kai, ƙamshi ya yi. Launi ma ya yi, ja-ja mai duhu, romo na bin cokali. Miƙo cokalin in tsame attaruguna. Ina yake? Hancinsa kawai nake gani.

Bazazzagi: Iya, Bakano ne ya…

Iya: Muciyar tana hannunka, ɗana. Zauna. Ga farar shinkafa, ga wake ludayi uku. Bismillah.

Bazazzagi: Ba komai, mu da yaji tare muka… Ruwa! Iya, ruwa! Wannan ba attarugu ba ne, garwashi ne! Kunnena ya toshe!

Iya: Ai yaron goye ma ba zai ji ba. Saura ludayi tara. Kai kuma Alhaji, ba laifinka, bari in soya maka ayaba ka ci da shinkafa.

Bakano: In bar me? Kwakwa kuɗina, lawashi kuɗina, gas rabi nawa ne, ga asarar wutsiya. Zubo mini.

Iya: Hawaye fa kake yi.

Bakano: Na wutsiyar ne. Ƙaro romo.