Zuwa ga 'yan DE da suka shigo aji biyu

Ƙannena da kuka gama NCE ko difloma ko IJMB, kuka cike fom ɗin DE na JAMB, wato na shiga aji biyu na jami'a kai tsaye, Allah ya ba ku gurbi a jami'a, barkanku da arziki. Ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, don ta wannan ƙofar ni ma na shiga.

Ranar da ka shiga aji biyu, za ka tarar da mutanen da suka yi shekara guda tare. Sun san malamin da ke rufe ƙofa ƙarfe takwas daidai, sun san mai maimaita tambayoyin bara, suna da zaurensu na WhatsApp inda ake sanar da canjin ɗakin lacca. Kai kuwa baƙo ne, kuma sunayen 'yan DE kan fito a makare, sai ka iso an riga an yi gwajin farko. A nan girman kai ke kama mu. Mutum ya yi shekara uku a kwalejin ilimi, ya riƙe alli a gaban ɗalibai, wataƙila ma da iyali a gida, sai ya ji nauyin roƙon yaro ɗan shekara 18 aron littafin rubutunsa. Na yi wannan wautar. Wani kwas ya kayar da ni, shekarar da ta biyo baya ina zaune cikin ƙannen waɗanda na raina, ina kwafar rubutunsu.

Sai maganar maki, wadda da yawanmu ba mu lissafa ta sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada. A foliteknik ma'aunin 4 ne, 3.50 ya kai ka ƙoli. A yawancin jami'o'inmu ma'aunin 5 ne: daraja ta ɗaya daga 4.50 take farawa, 3.50 kuwa daraja ta biyu ce ta sama. Makinka na baya ba ya biyo ka, daga sifili ake fara maka. A digirin shekara huɗu abokin zamanka yana da zango takwas, ya kuma tara maki a aji ɗaya inda darussan suka fi sauƙi. Kai shida gare ka. Faɗuwa ɗaya a zangon farko za ka daɗe kana jan ta a baya kamar jela.

A makon farko ka nemi malamin da ke kula da ajinku, kodinetan nan da kowa ke gudu, ka tambaye shi kwasa-kwasan aji ɗaya da aka wajabta wa 'yan DE, irin su Turancin da kowane ɗalibi ke yi. Na ga wanda sai a ajin ƙarshe ya gano bai yi rajistar ɗaya ba, aka ƙara masa shekara. Ga mai shekaru irin namu wannan ba wasa ba ne, tunda wanda ya haura 30 kafin ya kammala ba ya zuwa hidimar ƙasa, takardar yafewa ake ba shi.

In kodineta ya sa hannu a fom ɗin rajistarka, ka yi kwafi biyu. Ɗaya a jakarka, ɗaya a akwatin Inna a gida.