Sannu, Malam Cancanta

Tun jiya da na ɗora hoton abokiyar karatuna ranar da ta kammala digirinta na biyu, wani bawan Allah ya kafa zango a ƙarƙashin rubutun yana kwararo mana hikima. Wai tallafin da ta samu wariya ce, wai ƙasa kamar Ostireliya bai kamata ta ware wa wata ƙabila kuɗin karatu ba, a bar cancanta ta yi aiki. Sannu, Malam Cancanta. Allah ya ƙara basira, ya kai mu ranar da za ka karanta abu kafin ka yanke masa hukunci.

Ma'aikaciyar gwamnati ce fa. Ba a bakin titi aka tsinto ta aka miƙa mata takardar digiri ba. Tallafin karatun da ta samu, mai suna Pat Turner, na ma'aikatan gwamnatin tarayyar Ostireliya ne 'yan asalin ƙasar, wato Aborijin da mutanen tsibiran Torres, waɗanda sun riga sun yi shekaru suna aiki. Ana tantance su, sannan jami'a ta karɓe su da irin sharuɗɗan da take karɓar kowa, ko dai Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya da ke Kanbera ko Jami'ar Charles Darwin. Gatan da ake musu shi ne albashinsu ba ya tsayawa suna karatu, in sun gama su koma bakin aiki. Jarrabawa ɗaya suke yi da kowa, malami ɗaya ke duba takardunsu. To ina cancantar ta ɓata?

Kuma gidauniyar da ke kula da shirin, ta Sir Roland Wilson, ta daɗe tana ba ma'aikatan gwamnati tallafin digirin digirgir ba tare da an tambayi asalin kowa ba. Ban ji Malam Cancanta ya taɓa ɗaga murya a kan wannan ba. Sai da aka buɗe wa masu ƙasa ƙofa sannan bakinsa ya buɗe.

Masu ƙasa na ce, kuma da gangan na faɗa. Mutanen nan sai a 1962 aka ba su duka 'yancin jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya. Sai a ƙuri'ar raba gardama ta 1967 aka goge sashen tsarin mulkin da ya hana a saka su cikin ƙidayar jama'a. An ƙwace musu 'ya'ya daga hannun iyaye shekaru da shekaru, abin da sai a 2008 Firaminista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya nemi gafara a kai. A jihar Queensland gwamnati ce ke riƙe musu albashin guminsu, har sai da aka kai ƙara, a 2019 ta yarda za ta biya dalar Ostireliya miliyan 190. Kakar abokiyar nan tawa ta rayu a wannan zamanin. Ba labarin kanzon kurege ba ne, wasu daga cikin waɗanda aka yi wa suna nan da ransu.

Yanzu ka leƙa ma'aikatun. Za ka same su a ƙananan matakai, su ne a teburin karɓar jama'a, su ne ake turawa ƙauyukan da kowa ke gudu. Kana hawa bene suna raguwa, kafin ka kai ɗakin da ake yanke shawara a kan lafiyarsu da makarantun 'ya'yansu sai ka ƙirga su da yatsu. Charles Perkins ya gama Jami'ar Sidni a 1966, a 1984 ya zama Aborijin na farko da ya shugabanci ma'aikatar tarayya. Ita Pat Turner da aka sa wa tallafin sunanta ta kai mataimakiyar sakatare a ma'aikatar firaminista. Don me har yau sunayen nan ne ake ta maimaitawa? Don irinsu ba su da yawa. Matsalar ke nan da ake son magancewa, kuma karatu mai zurfi na cikin tsanin da ake hawa da shi.

Wani ya ce ai talakan Bature ma yana nan. Yana nan, a taimake shi, wa ya hana? Wani kuma wai hakan zai sa a raina digirin nasu. Wanda ya saba raina su ai ba takarda yake jira ba.

Abin dariyar ma, shi mai maganar ɗan Arewa ne. Mu da Sardauna ya yi ta tura matasanmu Kongo a Zariya su koyi aikin mulki don kada a bar mu a baya a ma'aikatun yankinmu. Ƙila ma ta nan kakansa ya zama akawu. Laifi tudu ne, malam.

Af, ku kuma da kuka cika min akwatin saƙo da "Yaya a turo mana yadda ake cikewa", don Allah ku yi haƙuri. Sai ma'aikacin gwamnatin Ostireliya, kuma ɗan asalin can. Har da wanda ya tambaye ni ko takardar shaidar ƙaramar hukuma za ta yi. Ba za ta yi ba, ɗan'uwa. Kuma ko da za ta yi, sanyin Kanbera a watan Yuli ba irin hunturun da ka sani ba ne, ni kaina har yau da safa biyu nake kwana.