Mun hana gwamnati duba asusun ikilisiya, to wa zai duba?

A watan Agustan 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni da aka fi sani da CAMA. Sashe na 839 ne ya ta da ƙura, domin ya ba Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, damar dakatar da amintattun ƙungiya, har da ikilisiya, a naɗa masu riƙon ƙwarya idan ana zargin almundahana. Ƙungiyar Kiristoci ta Najeriya, CAN, ta ce atafau ba ta yarda ba. A 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke sashen tare da wasu da ke biye da shi. Tun kafin nan, a Janairun 2017, an yi irin wannan ja-in-ja kan ƙa'idar hukumar FRC mai kula da tsarin rahoton kuɗi, wadda ta sa Fasto Adeboye ya miƙa shugabancin ikilisiyar Redeemed ta Najeriya ga wani. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta jingine ƙa'idar, ta sallami shugaban hukumar.

Ina tare da waɗanda suka ƙi. Kiristan Kano, ko a Sabon Gari yake sujada, ko Nomansland, ko Badawa, ko a ƙauyukan Sumaila da Tudun Wada, ya san yadda takardar mallakar filin majami'a take wahalar fita daga ofis. Ba zai ji daɗin a miƙa wa jami'in gwamnati makullin asusunsa ba, kuma yana da hujja. Amma duk wanda ya hana baƙo duba littafinsa, ya ɗora wa kansa nauyin buɗe shi ga 'yan gida. Wannan rabin aikin ne da yawanmu ba mu yi ba.

A nan Ingila inda nake zaune, majami'u da dama kujerunsu sun fi mutanensu yawa. Ƙidayar 2021 ta nuna kashi 46.2 cikin ɗari ne kawai na mutanen Ingila da Wales suka ce su Kiristoci ne, karo na farko da adadin ya gaza rabi. A 2011 kashi 59.3 ne. Duk da haka, ƙaramar majami'ar Angilika mai tsofaffi talatin tana da abin da babbar majami'a mai sujada uku a Kano sau da yawa ba ta da shi. Dole ta yi taron shekara kafin ƙarshen watan Mayu, kuma a fitar da lissafin kuɗinta aƙalla kwana bakwai kafin taron, kowa ya karanta ya shirya tambayarsa. Ƙungiyar agaji mai rajista da kuɗin shigarta ya haura fam 25,000 a shekara sai wani na waje ya duba lissafinta, a tura wa hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, a ɗora a intanet. Akwai kuma ribar da ke sa mutane kula da takarda: idan mai biyan haraji ya cike fom da sunansa da adireshinsa, hukumar haraji tana ƙara wa ikilisiya fam 25 a kan kowane fam 100 da ya bayar. In babu rubutu, babu wannan ƙarin. Ikilisiyoyin 'yan Najeriya da ke Landan da Manchesta suna bin wannan tsari, fastocinsu kuwa ba su rasa shafewa ba don an duba musu littafi.

Kada wani ya ce al'adar Bature ce. A 2 Sarakuna sura 12, firist Yehoyada ya huda murfin akwati ya ajiye kusa da bagade, in ya cika sai magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga su ƙulle. Mutum biyu, daga ofis biyu. A 2 Korantiyawa sura 8, Bulus da kansa ya ƙi ɗaukar gudummawar Urushalima shi kaɗai. Ikilisiyoyi ne suka zaɓi ɗan'uwan da zai raka kuɗin, dalilinsa kuwa shi ne a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji, a gaban mutane kuma. Idan manzo bai ɗauki rakiyar a matsayin raini ba, babu Rabaran ɗin da ya kamata ya ɗauka.

Matsalar tana farawa ne daga minti goma sha biyar na bayan addu'ar sallama. Mutane suna gaisawa a ƙofa, 'yan mawaƙa suna naɗe wayoyi, ma'aji ya tattara jakunkunan baiko ya shige ɗakin baya. A kan tebur ga tsofaffin ɗari biyu da suka yi laushi don gumi, ga 'yan hamsin-hamsin na makarantar Lahadi, ga ambulan na zakka wasu da suna wasu babu. Ana cikin ƙirga mai gadi ya leƙo yana neman kuɗin man janareta, a zare dubu takwas a ba shi. Matar da ta dafa wa baƙon mai wa'azi abinci ta zo, a zare dubu biyar. Abin da ya rage shi ake rubutawa a matsayin baikon ranar. Babu wanda ya saci ko kwabo a ɗakin nan, amma littafin ya riga ya yi ƙarya, kuma bayan wata shida babu mai iya kare ma'ajin in aka zarge shi.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Masu ƙirga su kasance uku, kada biyu su fito daga gida ɗaya, kuma a riƙa juya su duk wata. Fasto da matarsa ba sa cikin masu ƙirga. A yi takarda ɗaya mai layi-layi: dubu guda nawa, ɗari biyar nawa, har zuwa naira goma, sannan a raba baikon sujada, zakka, baikon godiya, na gini, na bishara, kowanne da jimlarsa. Su ukun su sa hannu da biro kafin kowa ya fita, a ɗauki hoton takardar a tura wa magatakarda da shugaban dattawa nan take. Ba a cire ko sisi daga tire. Kuɗin ya shiga banki ranar Litinin cif yadda aka ƙirga, a maƙala takardar banki a bayan takardar ƙirga. Man janareta da ruwan baƙi su fito daga ƙaramin asusun hannu mai iyaka, a ce naira dubu hamsin, wanda ba a sake cika shi sai an kawo rasit na abin da aka kashe. Wanda ya rubuta bauca daban, wanda ya amince daban, wanda ya biya daban. A ƙaramar ikilisiyar ƙauye da banki ya yi wa nisa, akwati mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu, ya wadatar har ranar kasuwa.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, baiko ya koma waya, nan ne kuma sabon rami yake. A lokacin, majami'u da yawa sun rubuta lambar Opay ko Moniepoint ta wani dattijo ko wani matashi a jikin allo don a samu mafita. An fita daga ƙarancin, lambar tana nan. Kuɗin ikilisiya a asusun mutum ɗaya yana gauraya da kuɗin cefanensa. In ya rasu, banki ba ya sanin ikilisiya, magada ya sani, sai an bi ta kotu. In an sace wayarsa a Adaidaita Sahu, an sace baikon wata guda. Asusu ya zama da sunan ikilisiya, masu sa hannu uku, ba a fitar da kuɗi sai biyu sun amince, saƙon shigar kuɗi kuma ya riƙa zuwa wayoyi biyu aƙalla. Ikilisiyar da ke ƙarƙashin ɗarika mai rajista, irin su ECWA, Katolika, Angilika, Baptis ko HEKAN, ta nemi wasiƙa da takardun da banki ke so daga ofishin gundumarta. Mai zaman kanta sai ta yi rajistar amintattu a CAC, ta kuma shirya wa takardar SCUML, sashen gwamnati mai yaƙi da halatta kuɗin haram, domin bankuna suna tambayarta. A koya wa membobi rubuta dalilin turi, "zakka" ko "gini", in ba haka ba ma'aji zai riƙa cankar inda kowane dubu biyar za ta shiga. Hoton rasit da aka turo ta WhatsApp ba shaida ba ce, don ana ƙirƙirar na bogi. Abin da bayanin banki ya nuna a ƙarshen wata shi ne kuɗi.

Wani abin da Ingila ta riƙe da ƙarfi shi ne kuɗin da aka tara da suna. In an ce na rufi ne, doka ba ta yarda a biya albashi da shi ba. A wurinmu ana yin gagarumin taron tara kuɗin gini, a gayyaci manyan baƙi, sai ga babban taron gunduma ya taso, a ce a ranta daga na gini za a mayar. Ba a mayarwa, don babu wanda ya rubuta cewa bashi ne. Ga kuma tsadar rayuwa: tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, wato miliyan goman da ta kwana shekara a asusu ta rasa kusan rubu'in ƙarfinta. Kwamitin gini mai hankali yana raba aiki mataki-mataki, ya mayar da kuɗi rodi, bulo da kwanon rufi da zarar sun taru, da rasit da littafin sito. Siminti ne kawai ba a jibgewa, don bayan kamar wata uku yana fara daskarewa, balle da damina.

A yi wa fastoci adalci. Da yawa daga cikin masu taɓa tire ba ɓarayi ba ne, mayunwata ne. Gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi a naira 71,000 a 2024, amma akwai masu bishara a karkara da ba sa ganin wannan a wata, ga 'ya'ya a makaranta, ga baƙi kullum a ƙofa. Ikilisiyar da take son littafi mai tsabta ta fara rubuta albashin bawan Allah, kuɗin gida, kuɗin asibiti da na fansho, ta biya ta banki a rana tsayayya. Dokar fansho ta 2014 ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Wannan ma'auni ne mai kyau ko ga ikilisiyar da dokar ba ta tilasta wa ba. Kyautar da aka ba fasto da sunansa tasa ce, kada a sa masa ido a kai.

Tsarin Ingila ma yana da iyaka. A Nuwamban 2024 Akbishop na Kantabari, Justin Welby, ya yi murabus bayan rahoto ya nuna cocin bai ɗauki matakin da ya dace ba kan cin zarafin yara da samari da John Smyth ya yi shekara da shekaru. Coci ne mai fom na kowane abu, amma manya suka rufa wa juna asiri. Ciwon da ke damunmu ke nan da wata fuska. A Kano yaro ba ya tambayar babba, in matashi ya ɗaga hannu a taro ya ce nawa aka kashe a bikin godiyar kaka, sai a ce ba shi da kunya, wani ma ya jawo masa ayar kada a taɓa shafaffu daga Zabura 105. Ayar tana magana ne a kan yadda Allah ya tsare zuriyar Ibrahim daga sarakunan ƙasashe, ba ta hana mai ba da zakka jin inda zakkarsa ta tafi ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, da aka yi gunaguni kan rabon gwauraye, manzanni ba su tsawata wa kowa ba, sun ce jama'a su zaɓi mutum bakwai su riƙe aikin.

Muna da abin da majami'un Ingila suke nema ruwa a jallo. Zumuntar mata a Kano tana iya tara kuɗin asibitin gwauruwa cikin yini ɗaya, ta kwana a gidan makoki, ta yi girkin mutum ɗari uku ba tare da takarda ko ɗaya ba. Irin wannan hannu ne zargi yake kashewa. Ranar da mace mai sayar da ƙosai ta fara shakkar inda ɗari biyar ɗinta take zuwa, ba za ta yi gardama ba, za ta rage ne kawai.

Saboda haka rahoton kuɗi ya riƙa fita duk wata uku, shafi ɗaya, da Hausa da Turanci inda ake sujada da harsunan biyu: abin da aka buɗe da shi, abin da ya shigo, abin da ya fita, kason da aka tura gunduma, bashin da ake bi da wanda ake bin ikilisiya. A karanta a gaban jama'a, a liƙa a cikin majami'a, ba a bangon waje ba, saboda tsaro. Sau ɗaya a shekara a kira mai duba lissafi wanda ba ɗan kwamitin ba. Ba sai an ɗauko kamfani ba: ikilisiyoyi biyu, ɗaya a Brigade ɗaya a Sabon Gari, suna iya musayar akantocinsu, kowa ya duba na ɗan'uwansa, ya ɗauki Lahadi shida a cikin shekara ya bi kuɗinsu daga takardar ƙirga zuwa bayanin banki. Mu da muke turo gudummawa daga waje kuma, mu daina turawa ta asusun ɗan'uwa ko na fasto don gudun wahala. Mu nemi lambar asusun ikilisiya da rahoton wata ukun da ya wuce kafin mu tura, mu kuma faɗa wa dattawa cikin ladabi cewa abin da muke jira ke nan.